Daga Snaptu Zuwa Tweetbot: Abin da Na Gani a Kasuwar Waya

Yawancin mutanen da na sani a Kano ba ta manhajar Facebook suka fara shiga Facebook ba, haka ma Twitter. Ta hannun wasu suka shiga, wasu ƙananan kamfanoni da ɗaiɗaikun masu haɗa manhaja waɗanda ko sunansu ba mu damu mu sani ba. Na shaida haka domin ni nake sa wa mutane manhajojin a waya. A wajajen 2010 ina da ɗan tebur a kasuwar waya ta Farm Centre, da tsohuwar kwamfuta, da tarin igiyoyi, da abin karanta memori. Sana'ata tura wa mutane karatun Alƙur'ani da wa'azi da waƙoƙi da manhajoji. 'Yan dawunlodin ake ce mana.

A lokacin Nokia ce ke mulki. Mutum zai miƙo maka 2700 ko 5130 ya ce, "Malam, a sa mini Opera da 2go da Snaptu." Opera Mini ta shiga intanet ce ba tare da ta cinye kati ba. 2go, wadda aka haɗa a Afirka ta Kudu, ta hirar dare ce ga samari da 'yan mata. Ita kuwa Snaptu, ta wani ƙaramin kamfani a Isra'ila, ita ce ta tattara Facebook da Twitter da labarai da sakamakon ƙwallo a wuri guda, a kan wayar da allonta bai kai faɗin tafin hannun jariri ba. Akwai eBuddy da Nimbuzz, masu haɗa maka hirar Yahoo da ta Facebook. Duk waɗannan ba na masu dandalin ba ne. 'Yan waje ne da aka ba su izinin shiga.

Sai daga baya, da na fara koyon rubuta manhaja da daddare bayan an tashi kasuwa, na fahimci yadda izinin yake. Kowane babban dandali yana da wata ƙofa ta musamman da masu sana'ar ke kira API. Ba mutane ke bi ta nan ba, manhajoji ne. Mai haɗa manhaja zai yi rajista, ya amince da sharuɗɗa, a ba shi mabuɗi, wato wasu haruffa da lambobi na sirri. Da wannan mabuɗi manhajarsa za ta riƙa ɗauko saƙonni tana kai saƙonni a madadin mai wayar. Ranar da mai dandali ya soke mabuɗin, manhajar tana nan a wayarka, za ta buɗe, amma ba za ta kawo komai ba.

Kamfanonin da kansu suka buɗe wannan ƙofa, suka yi ta kiran mutane su shigo. Facebook ya buɗe tasa a watan Mayu na 2007. Twitter kuwa, 'yan waje ne suka raine shi. Twitterrific, ta kamfanin Iconfactory, ta fito a 2007, kuma ita ce ta fara amfani da hoton tsuntsu tun kafin Twitter ya mayar da tsuntsu alamarsa. Jan allo ƙasa da yatsa don sababbin saƙonni su fito, wanda yanzu kowa ke yi ba tare da tunani ba, Loren Brichter ne ya ƙirƙiro shi a manhajarsa Tweetie. Twitter bai mallaki manhajar iPhone ta kansa ba sai da ya sayi Tweetie ɗin a Afrilun 2010 ya canja mata suna.

Snaptu ce ta fara nuna mini inda abin zai dosa. A watan Maris na 2011 Facebook ya saye ta, a Yuli ya fito da Facebook for Every Phone, wadda aka gina da fasaharta. Kafin shekarar ta ƙare aka rufe Snaptu. Mutane suka riƙa zuwa teburina suna cewa ta daina aiki, a sake tura musu sabuwa. Sai in ce babu sabuwa, an saye ta. Wani dattijo mai sayar da yadi a Kantin Kwari, wanda ya saba karanta labarai ta cikinta, ya dube ni ya ce, "Yaro, yanzu abin da ke cikin wayata ma ana iya saye ba a tambaye ni ba?" Na ce, "Baba, haka suka ce sharaɗin yake." Ya karɓi wayarsa ya tafi yana girgiza kai.

Masu BlackBerry su ma sun ga nasu a shekarar. A lokacin duk wanda ya ji kuɗi a aljihu BB yake riƙewa, kuma da yawa UberTwitter suke amfani da ita. A Fabrairun 2011 Twitter ya dakatar da ita tare da Twidroyd, dukansu na kamfanin UberMedia. Abin da na riƙe a wannan lamari shi ne Twitter ya fito ya faɗi dalilansa: amfani da sunansa a jikin manhajar, da matsalar sirri a dogayen saƙonnin keɓe, da taɓa rubutun mutane don neman kuɗi. UberMedia ya gyara, ya canja sunan zuwa UberSocial, cikin 'yan kwanaki aka maido da ita. An faɗi laifi, an gyara, an koma aiki. Shekara guda bayan haka, a Janairun 2012, da aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, matasa suka cika shataletalen Silver Jubilee. Ina cikin masu bin labarin a waya, kuma a ƙarƙashin saƙonnin da ke fitowa daga wurin, sau da yawa sunan UberSocial nake gani. Da an kashe ta gaba ɗaya a 2011, da waɗancan matasa sun nemi wata hanya a daidai lokacin da suka fi buƙatar wadda suka saba da ita.

Tun bayan lamarin UberTwitter ƙofar ta fara tsukewa. A Maris na 2011 Twitter ya gaya wa masu haɗa manhaja su daina yin masu kama da tasa. A Mayu ya sayi TweetDeck. A Agustan 2012 ya sa iyaka: sabuwar manhajar waje ba za ta wuce masu amfani 100,000 ba sai da izini na musamman. Falcon Pro, wadda masu Android suka so ƙwarai, ta cika wannan adadi a farkon 2013, sabon mutum ya kasa shiga ko da ya biya. Wato idan aikinka ya yi kyau har jama'a suka yi tururuwa, kyan nasa ne zai tsayar da kai. Dalilin a fili yake: manhajar waje ba ta nuna tallar da dandali ke ci da ita. A Oktoban 2015 Jack Dorsey ya tsaya gaban taron masu haɗa manhaja ya ba su haƙuri, ya ce a sake sabon zama. Mu da muke koyon sana'ar daga nesa mun ji daɗin wannan magana.

Ba zan ce duk rufe ƙofa zalunci ne ba, don na ga ranar da barinta a buɗe ya zama masifa. A Maris na 2018 labarin kamfanin Cambridge Analytica ya fashe. Wani malamin jami'a, Aleksandr Kogan, ya haɗa manhajar tambayoyi a kan Facebook domin tara wa kamfanin bayanai, mutane kusan 270,000 suka yi amfani da ita. Amma tsarin wancan lokaci ya ba manhaja damar kwasar bayanan abokan wanda ya shiga, ba nasa kaɗai ba, har Facebook ya ce mutanen da abin ya shafa za su iya kai miliyan 87. Mu a nan abin ya zo mana kusa, domin jaridun Ingila sun ruwaito cewa an ɗauki wannan kamfani aiki a lokacin zaɓen Najeriya na 2015. A ranakun nan na riƙa buɗe wa mutane saitin Facebook ɗinsu ina nuna musu jerin manhajojin da suka ba izini: mai gaya maka wa za ka aura, mai nuna maka kamanninka idan ka tsufa, mai faɗin wa ya fi ƙaunarka. Wasu sai su yi salati, su ce a goge duka. Facebook ya tsaurara dokokinsa, ya dakatar da dubban manhajoji, kuma a Yulin 2019 hukumar kasuwanci ta Amurka ta ci shi tarar dala biliyan 5. A wannan karon, tsaurarawar ta yi daidai, har ma ta makara.

Sai kuma GB. Duk wanda ya zauna a kasuwar waya ya san ba a yi manhajar da ta yi farin jinin GBWhatsApp ba. Ba a rumbun Google take ba, daga waya zuwa waya take yawo ta Xender. Da ita mutum zai ɓoye lokacin da ya leƙa, ya karanta saƙo alamar shuɗi ba ta fito ba, ya ga abin da aka goge, ya sauke hoton da wani ya ɗora, ya sa layi biyu a waya ɗaya, ya canja launi yadda ransa ke so. Amma GB ba irin UberSocial ba ce. Babu wanda ya ba masu ita mabuɗi. Manhajar WhatsApp suka ɗauka suka farke suka sake ɗinkewa, kuma babu mai iya tabbatar maka da abin da aka cusa a ciki, ga shi kowane kwafi da hannun da ya bi. Tun Janairun 2015 WhatsApp ya fara rufe masu amfani da WhatsApp Plus, wata irin GB ɗin, na awa 24, a 2019 kuma ya sake matsa wa masu GB. Sai ka ga mutum ya zo hankali a tashe, allon wayarsa na ƙirga lokacin da ya rage a buɗe shi.

Wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi ta waya ta zo mini a irin wannan hali, duk cinikinta da lissafin masu bashinta suna ciki. Ta ce, "Ɗana, ni me na yi musu?" Na yi mata bayani cewa wadda ke wayarta ba ta asali ba ce. Ta ce ita layi biyu kawai take so, ɗaya na gida ɗaya na kasuwa. Muka kwashe abin da za a iya kwashewa, na sa mata ta asali da WhatsApp Business. Ban ga laifin kamfanin ba a kan hana GB, domin sirrin mutane ba abin wasa ba ne. Abin da na lura da shi daga baya shi ne, abubuwan da suka kai mutane ga GB sun riƙa shigowa manhajar asali ɗaya bayan ɗaya: ɓoye kasancewarka a kan layi da tura manyan fayiloli a 2022, sa layi biyu a Oktoban 2023. Buƙatar Hajiya gaskiya ce, masu GB ne kawai suka riga jin ta.

A cikin waɗannan shekaru na bar tebur na kama shago, na ɗauki yara ina koya musu gyara da ɗan abin da na iya na rubuta manhaja. Ɗaya daga cikinsu ɗan wani mai sayar da hatsi ne a Dawanau, yaro mai kai. Ya haɗa wata 'yar manhaja da ke ɗora farashin masara da gero da dawa da wake da riɗi kowace safiya a shafinsa na ɗaya daga cikin manyan dandalin nan. Ya bi ƙa'ida, ya yi rajista, an ba shi mabuɗi. Abokan cinikin mahaifinsa har daga Maraɗi da Damagaram suka riƙa dubawa kafin su ɗauko hanya. Wata safiya farashi bai fita ba. Da ya duba, sai ga saƙo da Turanci cewa ya saɓa wa sharuɗɗa, ba a ce wane sharaɗi ba. Ya cike takardar ƙorafi, amsa ta dawo daga na'ura, kalma ɗaya ba ta bambanta da saƙon farko ba. Ya sake rubutawa, shiru. Ya zauna a bayan kanta ya ce, "Oga, da sun faɗa mini laifina ai da na gyara." Ban sami abin ce masa ba sai abin da Hausawa suka riga suka faɗa, zanen aro ba ya rufe katara. Washegari ya ɗauki littafi ya shiga Dawanau rumfa rumfa yana karɓar lambobin waya, ya koma tura farashin ta saƙon tes.

Abin da ya sami yaron nan a ɓoye, shi na ga ya sami manyan masu sana'ar a bainar jama'a. Elon Musk ya kammala sayen Twitter a ƙarshen Oktoban 2022 a kan dala biliyan 44, a farkon Nuwamba aka sallami kusan rabin ma'aikata, har da yawancin na ofishin Accra, wanda shi kaɗai ne kamfanin ke da shi a Afirka. Daren Alhamis 12 ga Janairun 2023 a Amurka, asubahin Juma'a a wurinmu, Tweetbot da Twitterrific da Echofon da Fenix ta Android suka daina aiki a lokaci guda. Ranar ta zo daidai da cika shekara guda da gwamnatin Najeriya ta ɗage haramcin da ta sa wa Twitter na wata bakwai, shi ya sa ba na manta ta. Da na buɗe shago cikin sanyin hunturu, na tarar masu manhajojin suna tambayar juna ko wani ya ji wani abu. Paul Haddad na Tapbots, masu Tweetbot, da Craig Hockenberry na Iconfactory, mutanen da suka haura shekara goma suna wannan aiki, ba su san ko na'ura ce ta lalace ko korarsu aka yi ba.

Ni da yaran shago muka riƙa bin lamarin kullum, domin waɗannan su ne waɗanda muke kallo a matsayin malamai. Juma'a ta wuce, Asabar da Lahadi suka wuce, babu sanarwa. Sai ranar 17 ga wata Twitter ya fitar da gajeren saƙo cewa yana aiwatar da daɗaɗɗun dokokinsa ne, kuma hakan zai iya sa wasu manhajoji su daina aiki. Bai ce wace doka ba. Waɗanda suka san tarihi suka tuna cewa a Nuwamban 2021 kamfanin da kansa ya cire sharaɗin da ke taƙaita yin manhaja mai kama da tasa. Ranar 19 ga wata aka ga an ƙara sabon layi a yarjejeniyar masu haɗa manhaja, wanda ya haramta irin waɗannan manhajoji. Hukunci ya riga doka da mako guda. A ranar Iconfactory ya sanar da ƙarshen Twitterrific bayan shekara 16. Da yake mutane sun biya kuɗin shekara, sai nauyin mayar da kuɗin ya hau kan ƙananan kamfanonin, har suka riƙa roƙon masu amfani da su yafe ragowar idan za su iya. Yaron Dawanau ya karanta wannan a wayarsa, ya ɗago ya ce, "Oga, ashe har su ma."

A farkon Fabrairu Twitter ya ce zai daina ba da mabuɗi kyauta, a ƙarshen Maris kuma farashi ya fito: dala 100 a wata ga ƙaramin mai sana'a, manyan kamfanoni kuwa rahotanni suka ce daga dala 42,000 abin ya fara. A wancan lokaci dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, ta haura 700 a kasuwar Wapa, mafi ƙarancin albashi kuwa naira 30,000 ne. Ko kana da kuɗin, a lokacin manyan bankuna da dama sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira. Ɗalibin da ke son gwada hannunsa, da mai bincike a jami'a, duk an bar su a waje. Sai da hukumomin sufuri da na hasashen yanayi a Amurka suka koka, sannan a watan Mayu aka maido wa irinsu damar kyauta. Dandalin Reddit ya bi sahu a shekarar. Christian Selig, ɗan Kanada mai manhajar Apollo ta shiga Reddit, ya lissafa cewa sabon farashin zai ci masa kusan dala miliyan 20 a shekara, kuma kusan wata guda aka ba shi ya shirya. Dubban zauruka suka rufe kansu ranar 12 ga Yuni don nuna fushi, amma ranar 30 ga Yuni Apollo ta tsaya.

Bayan duk abin da na gani, ba na jayayya cewa dandali na masu shi ne. Su ke biyan kuɗin na'urori da wuta da ma'aikata, suna da ikon sa farashi, kuma wajibi ne su kori mai satar bayanan jama'a. Abin da raina bai taɓa amincewa da shi ba shi ne a kira mutum ya zo ya yi gini, a ci moriyar basirarsa shekara da shekaru, sannan a yanke shi da dare ba sallama. Tsakanin abin da aka yi wa UberTwitter a 2011 da abin da aka yi wa Tweetbot a 2023, bambancin magana ce kawai: an gaya wa ɗaya laifinsa, an bar ɗayan yana lalube. Abu uku ne ba su fi ƙarfin kowane kamfani ba: doka a rubuce kafin hukunci, wa'adi mai ma'ana kafin canji, da ɗan Adam da zai amsa ƙorafi.

Wannan ba mafarki ba ne. Tun Yulin 2020 Tarayyar Turai take da dokar da ta wajabta wa kasuwannin intanet da rumbunan manhaja su ba 'yan kasuwar da ke kansu sanarwar aƙalla kwana 15 kafin canja sharuɗɗa, da kwana 30 tare da dalili kafin su kore su gaba ɗaya. Najeriya ma ta nuna tana iya tsayawa gaban waɗannan kamfanoni, tunda a Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a kan yadda ake sarrafa bayanan 'yan ƙasa. Hukumar da ta iya wannan za ta iya neman a riƙa gaya wa ƙaramin mai haɗa manhaja laifinsa.

Kafin a kai can, abin da nake gaya wa duk yaron da ya zauna koyo a shagona shi ne ya karanta sharuɗɗa tun daga farko har ƙarshe, kada ya taɓa bayanan da ba a ba shi ba, kada ya rataya abincinsa a kan mabuɗi ɗaya, kuma ya riƙe hanyar isa ga abokan cinikinsa a hannunsa. Yaranmu za su ci gaba da gini a kan waɗannan dandali, domin can jama'a suke. Haƙƙinsu ne a sanar da su doka kafin a hukunta su da ita, kuma aikin hukumominmu ne su nema musu wannan haƙƙi a rubuce.